Look AHEAD: an rage ƙiba, amma bugun zuciya bai ragu ba

A watan Satumba na 2012, hukumar binciken lafiya ta Amurka da ake kira NIH ta dakatar da shirin rage ƙiba a wani bincike da aka shafe fiye da shekara 10 ana gudanarwa. Ba wai wani ya cutu ba. Kwamitin da ke sa ido a kan binciken ne ya duba alƙaluman da ke hannu, ya ce ko an ci gaba har ranar da aka tsara kammalawa, da wuya a ga bambancin da ake nema. Sunan binciken Look AHEAD, kuma tambaya ɗaya ya sa a gaba: idan mai ciwon suga da ke fama da ƙiba ya rage nauyi ta hanyar gyara abinci da motsa jiki, shin haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki zai ragu masa? Kusan kowane likita a wancan lokacin zai amsa da e kafin a rufe baki. Sakamakon da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 2013 bai ce e ba.

Tun daga lokacin ake jan wannan bincike ɓangare biyu. Wasu na cewa ya tabbatar rage ƙiba wahalar banza ce. Wasu kuma na cewa an ɓata tsarinsa ne, don haka a manta da shi. A ganinmu duka biyun sun yi gaggawa. Binciken ya yi aikinsa da kyau, kuma ya nuna abu mai muhimmanci: ƙiba tana yin babban kaso na ɓarnarta ne ta hanyar hawan jini da kitsen jini da suga, saboda haka sauke 'yan kilo ba zai maye gurbin maganin waɗannan ukun ba.

Me ya sa ake da yaƙini tun farko

Alaƙar ƙiba da ciwon zuciya ba sabon labari ba ne. A garin Framingham na jihar Massachusetts, an fara bin lafiyar mutum 5,209 tun 1948, kuma rahoton da aka fitar a 1983 bayan shekara 26 ana bibiya ya nuna cewa yawan nauyi na tafiya tare da ƙarin cututtukan zuciya da jijiyoyin jini, maza da mata. Hanyar da hakan ke faruwa a jiki ma an fahimce ta sosai. Kitsen da ke taruwa cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, ba zaman banza yake yi ba. Yana sakin maiƙo kai tsaye zuwa hanta, hantar ta ƙara yawan kitsen da take turawa cikin jini, jiki kuma ya rage jin insulin, sinadarin da ke sauke suga a cikin jini, sai suga ya hau. Ƙoda na riƙe gishiri da ruwa fiye da kima, jini ya hau. Zuciya na tura jini ga jiki mai girma a kan matsi mai ƙarfi, bangonta ya yi kauri. Ɗakinta na sama na hagu yakan buɗe, bugawarta ta rikice, jini ya daskare a ciki, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya toshe jijiya. Ga kuma ɗaukewar numfashi cikin barci, wanda ke tayar da hawan jini da dare.

Sai dai duk wannan hujja ce ta kallo. An ga masu ƙiba sun fi kamuwa, amma ba a gwada ba ko sauke nauyin zai mayar da haɗarin baya. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, a wasu binciken na kallo, waɗanda nauyinsu ya ragu sun fi mutuwa, domin sankara da ciwon zuciya mai tsanani da sauran cututtuka kan ramar da mutum ba da son ransa ba. Hanya ɗaya ce ta raba gardama: a raba mutane gida biyu ta ƙuri'a, a taimaki gida ɗaya ya rage nauyi da gangan, a jira shekaru a ƙirga.

Waɗanda aka ɗauka

Daga 2001 zuwa 2004 aka ɗauki mutum 5,145 a cibiyoyi 16 a faɗin Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Rena Wing ta Jami'ar Brown. Dukansu na da ciwon suga nau'i na biyu, shekarunsu tsakanin 45 da 76, kuma ma'aunin BMI nasu ya kai 25 ko fiye, ko 27 ga mai allurar insulin. Ana samun wannan ma'auni ne ta raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita sau tsayinsa. Mai kilo 100 da tsayin mita 1.67 zai samu kusan 36, kuma wannan shi ne matsakaicin mahalarta binciken. Matsakaicin shekarunsu kusan 59 ne, kashi 60 cikin 100 mata ne, kusan kashi 16 baƙaƙen fata ne 'yan Amurka, kuma kashi 14 ne kawai suka taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar jiki a baya.

Sharuɗɗan shiga sun cancanci a tsaya a kansu, domin a nan aka shuka abin da aka girba daga baya. Ba a ɗauki wanda hawan jininsa ya kai 160 bisa 100 ba, ko wanda gwajin HbA1c nasa, wato matsakaicin sugansa na wata biyu zuwa uku, ya wuce 11. Dole mutum ya kasance yana da likitan da yake gani. Dole ya yi mako biyu yana rubuta duk abin da ya ci, don a ga ko zai jure. Sannan dole ya hau injin tafiya a gwada zuciyarsa har iyakar ƙarfinsa ba tare da an ga alamar matsala ba. Kowane sharaɗi yana da dalilinsa na kare lafiyar mahalarta. Amma idan aka haɗa su, sai su tace jama'a su bar waɗanda suka fi lafiya, suka fi himma, kuma suka fi samun kulawar asibiti a cikin masu ciwon suga.

Abin da aka yi wa kowane gida

Ƙuri'a ta tura mutum 2,570 gidan shiri mai tsanani, 2,575 kuma gidan kwatanci. Na gidan kwatanci ana kiransu zaman ilimantarwa sau uku a shekara a shekaru huɗun farko, a yi musu bayani kan abinci da motsa jiki da zama da ciwon suga, daga baya aka mayar sau ɗaya. Ba a ba su wani awo na abinci ko burin kilo ba.

Na gidan shiri mai tsanani kuwa, an ɗora wa kowa burin sauke kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, da fatan gidan gaba ɗaya ya kai matsakaicin kashi 7. Wanda bai kai kilo 114 ba an ƙayyade masa kalori 1,200 zuwa 1,500 a rana, wanda ya wuce haka 1,500 zuwa 1,800. Maiƙo kada ya wuce kashi 30 na kalorin, furotin kuma kada ya gaza kashi 15. A watannin farko ana ba su, kyauta, abin sha mai kauri da aka riga aka auna da wasu 'yan dunƙulen abinci, su maye gurbin cin abinci biyu da abin taɓawa ɗaya a rana. Hikimar ita ce mutane ba su iya ƙiyasta abin da ke cikin kwano ba, kusan kullum suna ganin sun ci ƙasa da abin da suka ci, amma abin da aka auna a gwangwani ba ya ƙarya. Bayan nan aka koma maye gurbin ci ɗaya. Motsa jiki an fara da minti 50 a mako, ana ƙarawa a hankali har 175, wato kamar tafiya da sauri ta minti 35 kwana biyar a mako. A wata shida na farko suna haɗuwa da masu ba da shawara kowane mako, sau uku a rukuni sau ɗaya mutum shi kaɗai, a auna nauyi, a duba littafin abinci. A wata shida na biyu sau uku a wata, daga shekara ta biyu kuma aƙalla sau ɗaya a wata ido da ido, tare da kiran waya ko saƙo a tsakani. Wanda ya kasa saukewa ana iya ƙara masa maganin orlistat, mai hana hanji tsotse wani ɓangare na maiƙon abinci.

Akwai wani mataki na tsaro da duk mai son kwaikwayon wannan shiri ya kamata ya sani. Mai allurar insulin ko shan magungunan da ke matsa wa jiki ya fitar da insulin, irin su glibenclamide, idan ya rage ci kwatsam bai rage magani ba, sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Don haka likitocin binciken ke daidaita musu awon waɗannan magunguna a lokacin da ake sauke nauyi da sauri. Ban da wannan, duk sauran magani, na hawan jini da na kitsen jini da na suga, an bar shi a hannun likitan da kowa ke gani a gida, a duka gidajen biyu. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Matsalar da ta ɓullo tun da wuri

Lokacin tsara binciken, an ƙiyasta cewa cikin kowane mutum 100 na gidan kwatanci, sama da 3 kaɗan za su samu bugun zuciya ko shanyewar jiki ko su mutu ta dalilin zuciya a kowace shekara. A kan wannan aka lissafa yawan mutanen da za a ɗauka da tsawon lokacin, don a iya gano ragin kashi 18. Bayan shekara biyu sai aka ga abin da ke faruwa bai wuce 0.7 cikin 100 ba. Ga mahalarta wannan alheri ne. Ga lissafi kuwa matsala ce babba, domin ƙarfin irin wannan bincike ba ya dogara da yawan mutanen da aka ɗauka, ya dogara ne da yawan waɗanda abin ya faru da su.

Masu binciken suka yi gyara biyu. Suka ƙara shekara biyu, daga 11.5 zuwa 13.5, suka kuma ƙara kwanciya asibiti saboda ciwon ƙirji na zuciya a cikin abubuwan da ake ƙirgawa. Gyaran ya kawo adadi, amma da tsadarsa. Mutuwa da bugun zuciya abubuwa ne da ba a jayayya a kansu. Kwantar da mutum saboda ciwon ƙirji kuwa hukuncin likita ne da ƙorafin majiyyaci, kuma mai yawan motsa jiki ya fi mai zama saurin jin ƙirjinsa ya riƙe. A ƙarshe wannan ƙarin ya zama kaso mai yawa na abin da aka ƙirga, kuma ya fito kusan daidai a gidajen biyu, 194 da 196.

Abin da aka samu

A shekarar farko shirin ya yi abin da ba a saba gani ba. Gidan shiri mai tsanani ya sauke kashi 8.6 cikin 100 na nauyi, na kwatanci 0.7. Ƙarfin jiki a kan injin tafiya ya ƙaru da kusan kashi 20. HbA1c ya sauka daga 7.3 zuwa 6.6. Daga nan nauyin ya fara dawowa. A shekara ta huɗu ragin ya koma 4.7 da 1.1, a ta takwas 4.7 da 2.1, a ƙarshe 6.0 da 3.5. Wato tazarar da ta fara da kusan kashi 8 ta ƙare a 2.5. Gidan shirin ya mayar da kusan rabin abin da ya sauke, gidan kwatanci kuma yana ta raguwa a hankali, wani ɓangare saboda tsufa.

Bayan matsakaicin shekara 9.6, mutum 403 a gidan shirin sun samu ɗaya daga cikin abubuwan da ake ƙirgawa, 418 kuma a gidan kwatanci. Ragi ne na kashi 5, kuma tazarar da lissafi ya bayar ta kama daga ragin kashi 17 har zuwa ƙarin kashi 9. Ma'ana, sa'a kaɗai na iya haifar da irin wannan bambanci. Bugun zuciya ya ɗan karkata ga gidan shirin, 163 da 191, haka ma mutuwa ta kowane dalili, 174 da 202, amma babu wanda ya kai matsayin da za a kafa hujja da shi. Shanyewar ɓarin jiki ko karkatar ba ta yi ba: 85 a gidan shirin, 80 a gidan kwatanci. Ba za a ce mutane sun gudu ba ne, domin an ci gaba da bin kusan kashi 96 nasu har ƙarshe. Ko da aka ci gaba da bibiyarsu zuwa kusan shekara 17, bambancin mace-mace bai kai na kafa hujja ba.

Dalilin da ya sa haka

Bayanin da ya fi gamsar da mu ya fito ne daga wani aiki dabam da aka buga a mujallar Lancet a 2014, wanda ya haɗa bincike 97 na mutum miliyan 1.8. Ya nuna duk ƙarin maki 5 a BMI na ƙara haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya da kashi 27, na shanyewar jiki da kashi 18. Sai masu aikin suka tambaya: nawa ne daga wannan ƙari ke bi ta hawan jini da kolestirol, wato wani nau'in kitsen jini, da suga? Amsar ita ce kashi 46 ga zuciya, kashi 76 ga shanyewar jiki. Hawan jini shi kaɗai ya ɗauki kashi 65 na ƙarin haɗarin shanyewar jiki. Ƙiba kamar ɓarawo ce mai ƙofofi uku da ta saba shiga ta cikinsu, kuma a Look AHEAD likitocin gida sun riga sun sa wa ƙofofin sakata a gidajen biyu.

Shekarun binciken su ne shekarun da magungunan statin masu rage mugun kolestirol suka bazu a Amurka, aka kuma tsananta maganin hawan jini ga masu ciwon suga. Ana aika wa likitan kowane mahalarci sakamakon gwajinsa na shekara. Likitan da ya ga majiyyacinsa ya rame, alƙalumansa sun yi kyau, ba ya gaggawar ƙara magani. Wanda ya ga nasa bai canza ba sai ya ƙara. Haka aka wayi gari gidan kwatanci ya fi amfani da statin da maganin hawan jini da insulin, har mugun kolestirol nasu ya ɗan fi na gidan shirin sauka. Bambancin hawan jini na sama tsakanin gidajen, idan aka ɗauki matsakaicin shekarun, bai wuce maki 2 da wani abu ba. Manyan gwaje-gwajen maganin hawan jini sun nuna sauke maki 5 na rage manyan cututtukan zuciya da jijiyoyi da kusan kashi 10. To maki 2 me zai bayar? Kusan kashi 4 ko 5, wanda shi ne daidai abin da aka gani, kuma binciken da aka gina don gano kashi 18 ba shi da idon ganin wannan.

Saboda haka abin da aka gwada a zahiri ba "rage ƙiba ko zama haka" ba ne. An gwada rage ƙiba kaɗan tare da magani, a kan ƙarin magani. Sun tashi kunnen doki a kan zuciya, kuma wannan ma sakamako ne mai daraja, tunda gidan shirin ya kai wurin da ƙarancin ƙwayoyi da allura.

Dalili na biyu shi ne yawan abin da aka sauke. A 2016 aka sake duba alƙaluman, aka ga waɗanda suka sauke kashi 10 ko fiye a shekarar farko haɗarinsu ya yi ƙasa da kashi 21 idan aka kwatanta da waɗanda nauyinsu bai motsa ba ko ya ƙaru. Ana yawan ambaton wannan adadi, amma a yi hattara da shi. Ƙuri'a ba ita ta zaɓi wanda zai sauke kashi 10 ba. Mutumin da ya iya hakan mai yiwuwa shi ne kuma mai shan maganinsa a kan lokaci, mai zuwa asibiti, mai ƙarfin tafiya tun asali. Alama ce mai ƙarfafa gwiwa, ba hujja ba. Na uku shi ne lokaci. Waɗannan mutane sun kusa shekara 60, sun yi shekaru da ciwon suga, kitse ya riga ya kwanta a bangon jijiyoyinsu. A birnin Da Qing na ƙasar Sin, inda aka fara gwajin abinci da motsa jiki a 1986 da mutum 577 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba, shirin shekara 6 ne kacal, amma sai da aka yi fiye da shekara 20 kafin amfaninsa ga zuciya ya fito fili. A shekara ta 30, cututtukan zuciya da jijiyoyi sun ragu da kashi 26.

Ribar da aka samu, da asarar da ba a cika faɗa ba

Wanda ya ce shirin bai amfana da komai ba bai karanta sauran rahotannin ba. A shekarar farko kashi 11.5 na gidan shirin sugansu ya sauka ƙasa da matakin ciwo ba tare da magani ba, a shekara ta huɗu kashi 7.3, alhali a gidan kwatanci kashi 2 ne. Ciwon ƙoda mai tsanani ya ragu da kashi 31. Ɗaukewar numfashi cikin barci ta yi sauƙi, haka ciwon gwiwa da yoyon fitsari ga mata, kuma a shekaru huɗun farko haɗarin rasa ƙarfin tafiya da hawa bene ya ragu da kusan rabi. Ga dattijon da ke son ya ci gaba da kai kansa masallaci ko kasuwa da ƙafarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Asarar kuwa a ƙashi take. Mai rage nauyi ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka da ƙarfin ƙashi, kuma idan nauyin ya dawo yawanci kitse ne ke dawowa. An samu ƙarin kashi 39 na irin karayar da ke samun masu rauni, ta kwatangwalo da ƙashin ƙugu da kafaɗa, a gidan shirin. Shi ya sa duk shirin rage ƙiba ga wanda ya haura 60 ya kamata ya haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla sau biyu a mako da isasshen furotin, ba tafiya da rage tuwo kaɗai ba.

Abin da sauran gwaje-gwaje suka ƙara

A Suwidin an bi mutum 2,010 da aka yi wa tiyatar rage ƙiba da 2,037 da ba a yi wa ba. Waɗanda aka yi wa tiyatar sun riƙe ragin kusan kashi 16 zuwa 17 har shekara 10 zuwa 15, kuma rahoton 2012 ya nuna bugun zuciya da shanyewar jiki sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ƙuri'a ta raba su ba, don haka hujjar na da rauni, amma ta dace da tunanin cewa ragi mai yawa mai ɗorewa ne ke taɓa zuciya.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 2023 daga gwajin SELECT: mutum 17,604 a ƙasashe 41, masu ƙiba da suka riga suka samu ciwon zuciya ko jijiyoyi amma ba su da ciwon suga. Rabi na karɓar allurar semaglutide sau ɗaya a mako, ana ƙara awo duk mako 4 har miligiram 2.4, rabi kuma allurar da babu magani a ciki. Nauyin masu maganin ya sauka da kashi 9.4, na ɗaya rabin 0.9. Cikin kusan wata 40, kashi 6.5 na masu maganin sun samu bugun zuciya ko shanyewar jiki ko mutuwar zuciya, a kan kashi 8.0, ragin kashi 20 ke nan. SELECT ya ga abin da Look AHEAD bai gani ba saboda ya ɗauki mutane ninki uku, masu haɗari sosai, kuma tazarar nauyin ba ta rufe ba muddin ana allurar. Duk da haka a lura da abu uku. Shanyewar jiki ita kaɗai ba ta ragu sosai ba. Kashi 16.6 sun bar maganin saboda illa, galibi tashin zuciya da amai da gudawa. Kuma amfanin ya fara bayyana tun kafin a sauke nauyi mai yawa, abin da ke nuna ba kilo kaɗai ke aikin ba.

Akasin haka ma ya faru. Maganin sibutramine yana rage nauyi, amma a gwajin SCOUT na kusan mutum 10,000 ya ƙara bugun zuciya da shanyewar jiki, kashi 11.4 a kan 10.0, domin yana ɗaga hawan jini da saurin bugawar zuciya. An janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010. Hukumomin magunguna sun sha gano shi a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin rage teɓa da ake tallatawa da sunan na ganye ne. Mai hawan jini da ya sayi irin waɗannan a intanet yana iya ganin sikeli ya sauka alhali haɗarinsa ya hau.

Inda lamarin ya shafe mu

Mahalarta Look AHEAD suna da likita, suna da magani, jininsu a daidaite yake. Yawancin masu hawan jini a Najeriya da Nijar da Ghana ba haka suke ba, da yawa ba su ma san suna da shi ba. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, ya kwatanta mutum 2,118 da suka samu shanyewar jiki da wasu 2,118 da ba su samu ba, tsakanin 2014 da 2017. Kusan kashi ɗaya cikin uku na shanyewar fashewar jijiya ce a ƙwaƙwalwa, ba toshewa ba, kaso da ya fi na Turai nesa ba kusa ba, kuma irin wannan hawan jini ne babban sanadinsa. Mai hawan jini ya ninka wanda ba shi da shi haɗari kusan sau 19. Girman tumbi idan aka kwatanta da ƙugu ya ƙara haɗari da kusan rabi, ciwon suga da ƙarancin cin ganye kowanne ya ninka shi fiye da sau biyu, haka ma barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa.

Wannan na nufin abu biyu da ba su saɓa wa juna ba. A inda ba a rufe ƙofofin da magani ba, rage ƙiba na iya yin tasiri fiye da yadda ya yi a Amurka, tunda kowane kilo da aka sauke kan rage hawan jini da kusan maki 1. Amma wanda jininsa ke 170 bisa 105 ba zai jira ya sauke kilo 10 kafin ya fara magani ba. Ragin da zai samu bai kai ba, kuma watannin jiran su ne lokacin haɗari.

Tsarin da ya dace a asibiti shi ne a fara da auna jini a zaune, bayan hutun minti 5, da abin ɗaurawa da ya dace da kaurin damtse, domin ƙarami a hannu mai kauri yana ba da adadi sama da gaskiya. A auna ciki da tef a tsakiyar tazarar haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi, ba a kan riga mai kauri ba. Santimita 94 ga namiji da 80 ga mace ne farkon gargaɗi, 102 da 88 haɗari ne babba, kuma hanya mafi sauƙin tunawa ita ce kada zagayen ciki ya kai rabin tsayin mutum. A duba suga da kolestirol, a fara maganin da ya wajaba a ranar, sannan a ɗora burin sauke kashi 5 zuwa 10 cikin wata shida, da ranakun dawowa a rubuce, domin a Look AHEAD waɗanda suka fi halartar zama su ne suka fi saukewa. Idan nauyi ya sauka, alƙaluman jini da na suga ne za su sa likita ya rage magani, ba sikeli ba. Kuma a sake aunawa sosai a shekara ta biyu da ta uku, lokacin da nauyin ya fi dawowa a binciken, domin hawan jini da suga na dawowa tare da shi, sau da yawa a jikin wanda ya riga ya ajiye ƙwayoyinsa.